Wai kirifto ne maganin hauhawar farashi?

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar nan da ta cika soshiyal midiya, wai duk wanda ba ya son hauhawar farashi ta cinye masa kuɗi to ya kwashe ya zuba a kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin.

Masu wannan talla suna da ɗan abin kamawa, ba zan hana su ba. Bitcoin dai guda miliyan 21 ne ba zai taɓa wuce haka ba, kuma duk bayan kamar shekara huɗu ana zabge ladar masu mainin, wato masu amfani da kwamfutoci wajen samar da sababbin Bitcoin, da rabi, ko a Afrilun 2024 an yi. Babu babban bankin da zai wayi gari ya bugo ƙari yadda ake bugo takardun kuɗi. To amma fa ƙarancin abu shi kaɗai ba ya riƙe farashi sai da masu saye, su kuma masu sayen nan ranar da tsoro ya kama su ko waiwaye ba sa yi.

Ai an riga an gwada. A Nuwamban 2021 Bitcoin ya kusa dala dubu 69, zuwa Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari, rabon da su ga irinta shekara 40, wato daidai lokacin da ya kamata garkuwar ta nuna kanta ke nan, sai ga shi a Nuwamban shekarar ya rikito ƙasa da dala dubu 16. Me ya jawo? Babban bankin Amurka ne ya dinga ƙara kuɗin ruwa, masu zuba jari suka tsere daga duk wani abu mai kasada, kirifto da hannun jarin kamfanonin fasaha suka zube tare. Wanda ya ajiye dalarsa a akwati ɗan kaso kaɗan ya rasa, wanda ya sayi Bitcoin yana sama kuwa ya buɗe waya ya tarar fiye da uku bisa huɗu sun tafi. Na san za a ce ai daga baya ya haura dala dubu 100 a Disambar 2024, haka ne, amma mutumin da larura ta same shi a tsakani dole ya sayar da asara, larura ba ta jiran kasuwa ta farfaɗo.

Sai kuma masu kawo misalin Ajantina, inda hauhawar farashi ta wuce kashi 200 a 2023, da Turkiyya. Gaskiya ne mutane da yawa can sun ruga kirifto, amma a tambaya wane iri? Da dama USDT suke saye, wani kirifto da aka ɗaure darajarsa da dala, ke nan dala ce ta cece su, kirifto hanya ce kawai. In dalar ta rage daraja shi ma ya rage. Kuma ko irin waɗannan ɗin ba duka ne abin yarda ba, TerraUSD ma cewa aka yi daidai yake da dala, a Mayun 2022 cikin 'yan kwanaki ya zama tarihi, ga FTX, wani dandalin saye da sayar da kirifto, da ya durƙushe da kuɗin jama'a a ciki.

Roƙona Malam Edita, duk sanda za ku tattauna da masu koyar da harkar nan, a daure a tambaye su wane irin kirifto suke nufi, kuma nawa suke samu a kan kowane mutum da ya yi rajista ta hannunsu.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku