Zuwa ga Nasiru, kan takardar tarar nan

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu ma nan Kano lafiya lau, sai godiya.

Mamanka ta kunna mini saƙon muryar da ka turo mata ranar Talata, na saurare shi har sau biyu. Na ji an tare ka an ce ka karya danja, kai kuma ka rantse tana kore ka wuce. An zare makullin mota, fasinjarka ta sauka ba ta biya ba, aka miƙo maka takardar tara. Na yarda da kai, don ban san ka da rantsuwar banza ba. Abin da ya hana ni barci shi ne inda ka ce ka fito ka riƙe hannun jami'in kana cewa sai ya ba ka makullinka.

Nasiru, shekara 27 na yi ina magatakarda a kotun majistare, kuma yawancin direbobin da na ga sun wahala, ba laifin da aka tare su a kansa ne ya wahalar da su ba. Har yau ina tuna wani direban bas da aka kawo mana, rigarsa a yage ta kafaɗa, silifa ɗaya a ƙafarsa. Layin farko na takardar tuhumarsa, wai babu abin kashe gobara a motarsa. Layi na biyu, hana jami'i aikinsa. Na uku, cin zarafi. Na farkon tara ce da zai biya ya koma tasha kafin la'asar. Sauran biyun suka kai shi gidan yari ya yi kwana 11 yana jiran mai tsaya masa. Tsalle ɗaya ya yi ya faɗa rijiya. Kai Allah ya rufa maka asiri, layi ɗaya aka rubuta maka.

Ban ce ka yi shiru a zalunce ka ba. Bakin titi ne dai ba wurin shari'a ba, domin a can wanda ya kama ka shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. In an sake tare ka, ka zauna a kujerarka, ka nuna lasin da takardun mota, ka karanta sunan da ke ƙirjin rigarsa, ka riƙe wuri da lokaci. Ka karɓi lambar wayar fasinja, don shi ne shaidarka. Ita waccan da ta tafi ka yi asarar ta. Na goro kuwa kar ka bayar. Tarar Hukumar Kiyaye Haɗurra, misali, ta Remita, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet ko banki, ake biyan ta zuwa asusun gwamnati, a ba ka rasit. Kuɗin da ya shiga aljihu ba rasit, gobe ma ana jiran ka da shi.

Kana cewa sai kun haɗu a kotu. To, madalla, amma ka san abin da za ka tarar. Idan ka biya tarar, magana ta mutu. Idan ka je, musamman kotun tafi-da-gidanka, za a karanto tuhuma a tambaye ka ko ka amsa laifi. Na sha ganin mutane suna cewa sun amsa don kawai rana ta yi kuma suna son su tafi. Kai in ba ka yi ba, ka ce ba ka yi ba, ka tsaya nan. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauke ka marar laifi har sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar, kuma aikinsa ne ya kawo hujja. In Turancin kotu ya shige maka duhu ka nemi tafinta, kyauta ne, ba abin kunya ba. In hukuncin bai yi maka ba, kana da kwana 30 ka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu.

Ana cin nasara kuwa. A can Abujar taku, a watan Oktoban 2024, Babbar Kotun Tarayya ta yanke cewa jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, ba su da hurumin tare mota, ƙwace ta ko cin direba tara. Wani lauya ne ya shigar da ƙarar, da takarda da haƙuri, ba da cacar baki a kan kwalta ba. Sai dai kar ka riƙa ɗaga wa kowane mai kaki wannan hukunci, VIO kaɗai ya shafa.

In kuma wata rana abu ya kai ka caji ofis, Allah ya kiyaye, ka kira ni kafin ka ce uffan. Kar ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai mutum gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Beli kyauta ne a doka, ko da yake ni da kai mun san yadda ake yi da wannan kyautar. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta hana a kama wani a madadin wani, don haka ka gaya wa matarka kar wani ya tsorata ta.

Sai lissafi. Shari'a tana cin lokaci: a ɗage zama don ɗan sanda bai zo ba, a sake ɗagewa don alƙali yana taro, kai kuwa motar ce abincinka. Ni a ganina ka je, tunda kana da gaskiya, amma ka yanke wa kanka iyaka tun yanzu. In zaman ya wuce uku kuma cinikin da kake rasawa ya ninka tarar, ka biya ka karɓi rasit ka adana shi, ba wanda zai ce ka ji tsoro.

Ka ɗauki hoton takardar gaba da baya ka turo wa ƙanwarka yau, ina so in ga ranar da aka rubuta da sashen dokar da suka ambata. Mamanka ta ce ka sanya farar shaddar nan ranar kotu, kuma ka kashe waya kafin ka shiga.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka