Rahoton Ayyukan Shekara: Koyar da Dabarun Rayuwa ga Ɗaliban Makarantun Kwana

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda babban taron bara ya amince, a bana ƙungiya ta kwashe aikinta daga aji ta kai shi ɗakunan kwana. Malamin aji 'yan awoyi kawai yake ganin yaro. Sauran yinin da dare duka yaro yana cikin 'yan uwansa ɗalibai, a wurin wanki, a layin abinci, a firef (lokacin bitar karatu bayan aji), da bayan an kashe fitila. A waɗannan lokutan ne hali ke ginuwa ko ya lalace, don haka muka fi mu'amala da malaman da ke kula da ɗakunan kwana, da matan da ke kula da ɗalibai mata, da shugabannin ɗalibai.

Mun ɗora darussanmu a kan dabaru goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zayyana tun shekarun 1990, irin su sanin kai, tausayin wani, yanke shawara, iya magana da mutane, da shawo kan fushi da damuwa. Sashe na 29 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ma ya ce manufar ilimi ita ce raya halin yaro da baiwarsa, ba cin jarabawa kaɗai ba. Ba lacca muke yi ba. Zama ake yi a zagaye, a kawo matsala ta gaske, kamar yaron da aka sace wa sabulu kuma ya san ɓarawon siniya ne, ɗalibai su yi ta jayayya har su fitar da mafita da kansu.

Cin zalin da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana shi ya fi cin lokacinmu, kuma ya cancanci haka. Rahoton 2019 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa a watan da ya gabaci tambayar. A makarantar kwana abin ya fi nauyi, domin yaron jeka-ka-dawo yana samun hutu idan ya koma gida, na kwana kuwa a ɗaki ɗaya yake barci da mai cutar da shi. Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake gadon abin: juniyan da ya sha wuya bana yana ƙirga kwanaki ya zama siniya ya rama a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa muka fi zama da 'yan ajin tsakiya, waɗanda zafin bai bar jikinsu ba kuma mulki bai zo hannunsu ba tukuna. An kuma sa akwatin koke a inda yaro zai jefa takarda ba tare da an gan shi ba, mabuɗin yana hannun malamin da ɗalibai suka zaɓa. A ganin kwamiti, wannan zaɓin shi ya sa yara suka yarda da akwatin.

Kan barci mun yi ta kai-kawo da hukumomin makarantu. Likitocin barci suna ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga masu shekara 13 zuwa 18, amma idan aka lissafa daga tashi firef zuwa ƙararrawar safe, da wuya a kai haka. Wasu makarantun sun yarda sun rage firef ɗin dare ga ƙananan aji, wasu sun ce sai bayan jarabawa. Za mu koma musu.

Mun horar da masu kula da ɗakuna kan gane yaron da ke cikin damuwa: wanda ya daina cin abinci, ko ya janye daga abokai, ko kullum yana asibitin makaranta da ciwon da ba a gano ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Kewar gida ta makonnin farko ba abin tsoro ba ce, amma idan ta zarce, an koya musu su kira iyaye su kuma nemi likita, maimakon su ce sangarta ce.

An yi darasin tattalin kuɗin kashewa da na tsaftar jiki, har da zama na musamman da 'yan mata kan al'ada.

Babbar matsalarmu ita ce sauyin ma'aikata: a horar da malami, kafin zango ya ƙare an ɗauke shi. Don haka a shekara mai zuwa kwamiti na son rubuta ɗan littafin jagora da zai zauna a kowane ɗakin kwana, da kuma horar da mutum biyu a kowace makaranta maimakon ɗaya. Muna roƙon mambobin da suka taɓa aikin koyarwa ko jinya su ba da sunayensu ga sakatare kafin babban taro, inda ma'aji zai karanta bayanin kuɗi.

Allah ya saka da alheri.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa