Ku ba mu shiri guda a kan Gene Sharp

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari.

Na rubuto ne kan hirar da kuka yi kwanakin baya game da zanga-zanga, inda wani baƙonku ya ce wai duk gwagwarmayar da ba makami a cikinta Turawa ne suka kitsa ta, ya kira Gene Sharp, Ba'amurken masanin da ya yi fice wajen rubutu kan irin wannan gwagwarmaya, ɗan leƙen asirin Amurka, aka wuce ba wanda ya tanka masa. Abin ya tsaya min a rai gaskiya, don mutumin nan gwamnatin Amurkar da kanta ta ɗaure shi a 1953 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Koriya, ya yi wata tara a gidan yari yana ɗan shekara 25, kuma Albert Einstein ya goya masa baya har ya rubuta gabatarwar littafinsa na farko a kan Gandhi.

A jihar Ohio aka haife shi a 1928. Da ya fito daga kurkuku ya yi aiki a jaridar Peace News a Landan, daga nan ya wuce Oslo babban birnin Norwe, sannan ya samu digirin dakta a Oxford a 1968. A Norwe ne ya bi diddigin abin da malaman makaranta suka yi a 1942, lokacin da Quisling, ɗan koren 'yan Nazin Jamus da suka ɗora a kan mulkin ƙasar, ya ce dole kowane malami ya shiga sabuwar ƙungiyarsa ya koyar da aƙidarsu, dubban malamai suka rubuta takardar ƙin yarda kowa da sa hannunsa, aka kama kusan dubu ɗaya, aka kwashi ɗaruruwa zuwa Kirkenes can ƙurewar arewa suna aikin ƙarfi cikin masifar sanyi amma suka ƙi sauka daga maganarsu, ƙarshe Quisling ne ya haƙura. Malaman makaranta fa, ba ko sanda a hannunsu.

Abin da ya shafe rayuwarsa yana nunawa ke nan, cewa mai mulki komai ƙarfinsa ba shi ke tsayawa a shingen bincike ba, ba shi ke karɓar haraji ko tuƙa tankar mai ba, mutane ne ke yi masa, ranar da suka janye hannu umarninsa ba ya wuce ƙofar fada. A babban aikinsa na 1973 ya tattara hanyoyi 198 na yin haka, yajin aiki da ƙauracewa kaya da zaman dirshan da sauransu. Ya koyar a jami'a a Massachusetts, ya yi bincike a Harvard, ya kafa cibiyarsa mai sunan Einstein a 1983, a 1993 kuma ya rubuta wa 'yan adawar ƙasar Bama (Myanmar) ɗan ƙaramin littafin da daga baya matasan ƙungiyar adawa ta Otpor a ƙasar Sabiya suka amfana da irin dabarunsa kafin faɗuwar shugaba Milosevic a 2000.

Ban ce ba abin tambaya a kansa ba. Wani ɓangare na kuɗin bincikensa a Harvard daga ma'aikatar tsaron Amurka ya fito, Hugo Chavez shugaban Venezuela na lokacin ma ya zarge shi a 2007 da yi wa gwamnatinsa zagon ƙasa, a tattauna wannan a fili. Amma a ce shi ya ƙirƙiro gwagwarmayar da ba makami, an ci haƙƙin mutanen Sudan da suka sauke Janar Abboud da yajin aikin gama-gari tun 1964, shekara tara kafin babban aikinsa na 1973 ya fito, suka kuma maimaita wa Numairi a 1985.

Inda ya fi damuna shi ne darasin da yaranmu ba su ji ba. Sharp ya nace cewa da zarar masu zanga-zanga sun fara jifa da fasa shaguna sun miƙa wa gwamnati hujja, 'yan kasuwa su juya musu baya, sojan da ke shakkar harbi ya daina shakka, kuma duk wanda ya ga yadda ta kaya a Kano a watan Agustan 2024 ya san haka aka yi. Shi ya sa ya fi ba tsari da horo muhimmanci a kan yawan jama'a a titi.

Ya rasu a Boston a Janairun 2018 yana da shekara 90. Roƙona ku gayyato malaman kimiyyar siyasa biyu, mai goyon bayansa da mai sukarsa, ku buɗe layin waya, kuma don Allah a sa shirin da daddare lokacin da matasa suka dawo gida.

Na gode,
Mai sauraronku daga Zariya