Zuwa Ga Ɗana Babangida, Kan Sana'ar Murya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Mu ma nan Zariya lafiya lau, sai sanyin hunturu.

Ran nan da ka ce ka ajiye aikin banki za ka koma sana'ar murya, wato ɗora murya a rediyo da fim da talla, na yi shiru, kuma na san shirun ya dame ka. Shekara tara kana ɗaukar albashi, dole uba ya yi jim. Na kwana da maganar, na yi istihara, ga abin da ke raina.

Ban raina sana'ar ba, domin da rediyo muka tashi. Ina yaro gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, BBC kuwa tun 1957 take magana da Hausa, kuma akwai masu gabatarwar da ban taɓa ganin fuskarsu ba, amma har yau sallamarsu na kunnena. Yanzu ƙofofi sun ƙaru: Freedom ta buɗe a Kano a 2003, Arewa24 ta zo a 2014, ga masu ɗora murya a fina-finan Indiya, ga talla, ga faɗakarwar rigakafi.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne yabon abokai, masu cewa muryarka na da daɗi. Daɗin murya baiwa ce, amma abin da zai sa a sake kiranka shi ne Hausar da ke bakinka. A takarda, kukan jariri da kukar miya harufansu ɗaya, haka garin Kano da garin tuwo. Kai ne za ka raba su da karin sauti da jan wasali, in ka kuskure tsohuwa a ƙauye ma za ta kama ka. Kuma gaskiya, zaman ofis ya cusa maka ingausa. Ka riƙa zuwa wurin Goggonka ta Tudun Wada ka zauna ka yi shiru, ka ji inda take jan magana da inda take yanke ta. Ka tsaya a tasha ka saurari 'yan kamasho. Ka koyi Sakkwatanci da Katsinanci da kunnenka, don masu saurarenka sun kai har Maraɗi da Damagaram.

A situdiyo za ka tarar da yaro ɗan shekara 22, sa'an ƙaninka, yana ce maka sake, har sau goma, saboda maganarka ta wuce motsin leɓen ɗan wasa. Ka sake ba tare da ɗaure fuska ba. Ya riga ka shiga, malaminka ne a nan.

Kuɗin sallamarka kuma, ka fara ware abincin gida na wata shida da kuɗin makarantar yara. Makirufo ɗaya mai kyau ya isa, da ƙaramin ɗaki da ka jingina wa katifu da barguna, ka riƙa naɗa cikin dare in janaretocin maƙwabta sun yi shiru. Kowane aiki a rubuta: ina za a sa muryar, har tsawon yaushe, nawa za a ba ka kafin ka fara. Na ji yanzu na'ura na iya kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai faɗa ba, don haka kada ka sa hannu a takardar da ta mallaka wa wani muryarka.

Sai abin da ya fi tsaya mini. Za a kawo maka tallar maganin da wai yana warkar da ciwon suga da hanta da ƙoda duk a kwalba ɗaya, lokacin zaɓe kuma a kawo ta cin mutuncin wani, kuma kuɗinsu ya fi tsoka. Babangida, wanda ya ajiye maganin asibiti saboda ya yarda da muryarka, hakkinsa na wuyanka. In yunwa ta matsa har ka fara tunanin karɓa, ka kira ni tukuna, akwai masara a rumbu.

Mahaifiyarka ta ba direba zuma da citta, ta ce ka riƙa sha da ruwan ɗumi, ka rufe hanci in ka hau babur cikin ƙurar nan. Ranar da za a fara sa aikinka, ka faɗa mini tashar da lokacin.

Ni ne mahaifinka.