Wasiƙa daga Jidda: maganar Karantina

Salamu alaikum mutumina Malam Habu, ya Kano, ya iyali, ya Hajiya da jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce in je Karantina in ɗauko maka hoton layinmu, to wallahi sai haƙuri, babu layin, babu unguwar ma gaba ɗaya. Tun ƙarshen 2021 aka fara rusau a kudancin Jidda, aka bi su Gulel da Petromin, kafin 2022 ta ƙare Sabil da Kandara da Hindawiyya duk katafila ta bi ta kansu. Sai dai ka wayi gari ka ga an rubuta ikhla, wato a tashi, da jan fenti a bangonka, shikenan ka fara neman motar kwasar kaya.

Yaran yanzu basu ma san asalin wurin ba. Can kusa da tashar jirgin ruwa ake killace alhazai a da saboda annoba, shine sunan ya bi unguwar. Kakanninmu kuwa da ƙafa suka taho, ta Chadi, ta Sudan, wani sai ya shekara biyar yana noman auduga a Jazira yana tara kuɗin jirgi kafin ya tsallako daga Sawakin, wasu ma tun guguwar yaƙin Burmi da Turawa ta 1903 suka baro gida. An sauke farali guzuri ya ƙare, sai a kafa bukka a bayan gari a ce sai baɗi, baɗin da har yau bata zo ba. Da aka rushe ganuwar Jidda a 1947 gari ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye su.

Ni ba zan ce maka aljanna bace, kai ma ka sani, kwata a bakin ƙofa, warin matatar mai, ga fargabar jawazat, wato jami'an shige da fice, ga duk wanda bashi da igama. Amma ina ka taɓa jin baƙo ya sauka ya kwana da yunwa? Ka ce daga Zinder kake ko Hadeja, kafin la'asar an kai ka ɗakin mutanen garinku, da daddare ga tuwo miyar kuka, ga fura, ga tsiren nan da Larabawa ke zuwa da manyan motoci suna layi a kansa.

Yanzu kowa ya kama gabansa, haya ta yi tsada, wasu sun koma Makka wasu sun taho gida, ko rasuwa aka yi sai a WhatsApp muke ji.

In mai zuwa Umara ya samu ka aiko min da daddawa da kuka dan Allah. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Ɗanladi