Shukata Tana Ruɓewa Daga Gindi, Ina Neman Shawara

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah Ya saka da alheri kan yadda kake wayar mana da kai a shirin noma. Ni tsohuwar mai sauraronka ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Na san yawancin wasiƙun da kake karantawa a kan gero ne da shinkafa da riɗi. Tawa a kan shuka ɗaya ce tal da ke cikin bokiti, amma ta hana ni sukuni.

'Yata ta fari ce ta sayo mini ita a Kano, wajen masu sayar da furanni a bakin titi, ana saura mako 2 bikinta a shekarar 2022. Ba ta da reshe, ganye ne kawai dogaye masu kauri, a tsaye kamar takobi, kore mai ratsi-ratsi kamar bayan maciji, gefe da gefe kuma da layin rawaya. Ranar da baban maigidana ya gan ta, sai ya ce ai wannan dangin moda ce, irin wadda suke samu a daji suna fitar da zarenta su tufka igiya da tsirkiyar baka. Tun daga ranar moda muke ce mata. Yarinyar tana aure a Zariya yanzu, kuma duk wayar da za mu yi sai ta ce, "Umma, ya shukata?" Mako 3 ke nan ina ce mata tana nan. Tana nan ɗin, amma ba yadda ta bar ta ba.

Bari in faɗa maka abin da na yi, ba tare da na ɓoye komai ba, don ka san inda za ka kama.

Da farko a cikin baƙar ledar da aka sayo ta na bar ta, a gindin darbejiyar tsakar gida. Ruwa sai na tuna, wani lokaci mako guda, wani lokaci ya wuce haka. A haka ta tashi daga ganye 4 zuwa 9, har ta fasa ledar. Da damina ta faɗi bana sai na ga ya kamata in sama mata wuri mai kyau. Na wanke babban bokitin fenti, ban huda ƙasansa ba don kada ya riƙa jiƙa mini daɓe. Ƙasar gidanmu rairayi ce, irin ta jigawa, na raina ta. Sai na aiki yaro fadama ya ɗebo mini baƙar laka daga inda ake shinkafa, na cuɗa da kashin awaki, na cika bokitin. Na ajiye shi daidai inda nake alwala, don ruwan ya riƙa zuba a ciki maimakon ya tafi a banza. Ka ga sau 5 ke nan a rana. Ga shi wurin kusa da indararo yake, da ruwan Agusta ya kankama sai in tarar ruwa ya kwanta a saman ƙasar, ya kwana ya wuni bai tsotse ba.

Da na ga haka na shigar da ita ɗaki, na sa ta a lungu bayan ƙofa inda haske ba ya kaiwa sosai. A nan ne ganye ɗaya ya fara kwantawa. Ni kuwa a sanina, shuka idan ta langaɓe ƙishirwa take ji, haka muka sani a tumatir da alayyafo. Sai na ci gaba da ba ta ruwa kowace yamma.

Daga saman ganyen ba ka ganin komai, kore ne shar. Daga gindi abin ya fara, daidai inda ya shiga ƙasa. Wurin ya yi rawaya, sannan ya koma kamar takardar da mai ya taɓa, kana iya hango ruwa a cikinsa. Da na danna da yatsa sai ya lotsa kamar dafaffiyar kuɓewa, har da yauƙi. Na ɗan ja shi, ya biyo hannuna ba tare da wata gardama ba, ga wari kamar na albasar da ta ruɓe a cikin buhu. Wasu 'yan ƙananan ƙudaje baƙaƙe kuma suna tashi daga ƙasar idan na taɓa bokitin. Cikin kwana 20 ganye 4 suka tafi a haka, ɗaya bayan ɗaya.

Shawara kam na sha ta. Maƙwabciyata ta ce baki ne, don duk wanda ya shigo sai ya yaba ta. Ƙanin maigidana ya ce in barbaɗa mata takin zamani ta farfaɗo. Wata ta ce in fitar da ita tsakiyar rana ta gasu. Ban yi ko ɗaya ba, don zuciyata ba ta kwanta da su ba. Ɗan ƙanwata da ke karatun aikin gona a Kano ne ya yi mini bayanin da ya shiga kaina. Ya ce saiwa ma numfashi take yi, kuma iskar tana zama ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike su ya zauna, sai saiwar ta shaƙe ta mutu, daga nan ƙwayoyin cutar da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa su samu hanya, su bi ta tushe su hau ganye. Ya ce asalin wannan shukar yankinmu ne na Afirka ta Yamma, daga Najeriya har Kongo, kuma ganyenta rumbun ruwa ne, tana jure fari fiye da yadda take jure jiƙa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce matacciyar saiwa ba ta iya shan ruwa, shi ya sa ganyen ke kwantawa kamar mai ƙishirwa alhali ƙafarsa na cikin ruwa. Wato ruwan da nake ƙara mata kowace yamma, shi ne yake ƙarasa ta. Na daɗe ina juya maganar nan a raina.

Shekaranjiya na yi ta maza na kifar da bokitin. Ruwa baƙi mai ɗoyi ne kwance a ƙasansa, ya kai tsawon yatsa. Na wanke lakar a hankali. A ƙarƙashi akwai tushe mai kauri da ke tafiya a kwance, kamar ɗanyar citta. Ɓangare ɗaya launin lemo ne, da tauri, da 'yan saiwoyi masu ƙwari. Ɗaya ɓangaren ya yi baƙi, yana farfashewa a hannu, saiwoyinsa kuma idan ka ja sai fatar ta saɓule ta bar wani siririn zare. Ganye 3 suna kan ɓangaren mai kyau kuma da taurinsu. Guda 2 suna tsakiya, samansu lafiya amma gindinsu ya fara laushi. Sai wani ɗan tsiro da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, yana leƙowa daga gefen mai kyau. Ganinsa ne ya sa na ji akwai sauran fata.

To Malam, a nan na tsaya, don ina tsoron sa wuƙa ba da sani ba. Yaron nan, ɗan ƙanwata, ya ce in ƙona bakin wuƙar a wuta, in yanke duk inda ya ruɓe har sai na ga fari tas ba ɗigon baƙi, in sake ƙona ta kafin kowane yanka. Idan na bi haka kusan rabin tushen zai tafi. Abin da ya rage zai iya ɗaukar ganye 3, ko in rage su? Kuma me zan shafa a bakin yankan? Tokar murhu muke sa wa kabewa idan an yanka ta, shi kuma ya ce garin gawayi. Wanne ya fi, ko kuwa garin maganin nan da ake cuɗa iri da shi kafin shuka zan nema? Ya ce in bar ta a inuwa kwana 2 ko 3 bakin ya bushe kafin in mayar da ita ƙasa. Da zafin da ake yi yanzu a kaka, ba za ta yi yaushi ba?

Batun ƙasa kuma, na gane rairayin da na raina shi ne ya dace da ita. Ina da yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa da ya rage daga gini. In haɗa shi da ƙasar gida rabi da rabi, ko akwai ma'aunin da ya fi? Tukunyar ƙasa zan sa mai gini ta yi mini da huda a gindi, ƙarama daidai tushen, don an ce tana fitar da danshi ta jikinta kamar yadda randa ke yi. Tsohuwar lakar na zubar can bayan gida, nesa da ɗan lambuna. Bayan na dasa, kwana nawa zan jira kafin ruwan farko? Ga hunturu na tafe, kuma ka san sanyin asubar Disamba da Janairu a nan. In bar ta a waje ko in riƙa shigar da ita da dare?

Wanda ya fi damuna shi ne ganyen nan 2 na tsakiya. Yaron ya ce ana iya yanke saman mai lafiya gunduwa-gunduwa, a bar shi ya sha iska, a kafa gindinsa a yashi, zai yi saiwa bayan makonni. Amma ya ce tsiron da zai fito ta wannan hanya kore zalla zai zama, layin rawayan ba ya biyowa, sai idan daga tushe aka raba. Layin nan kuwa shi ya sa 'yata ta zaɓe ta a cikin duk shukokin da ke wurin. Shin in cire ɗan tsiron nan da guntun tushensa in dasa shi daban, don ko uwar ta tafi ya zamana irin bai ɓace ba, ko ya yi ƙanƙanta a raba shi da ita yanzu?

Akwai kuma jikana mai rarrafe da ke kai komai baki, ga awaki a gidan. Ruɓaɓɓen ganyen na binne shi don kada su ci. Ka faɗa mini ko shukar tana da illa idan yaro ya tauna.

Yanzu haka tana kan faifai a ƙarƙashin rumbu, inda iska ke ratsawa kuma rana ba ta dukanta, na kife kwando a kai saboda kaji. Kowace safiya ina danna gindin ganyen 3 in ji ko taurin yana nan. Don Allah Malam, idan da hali a karanta wasiƙar nan a shirin wannan makon, don ba na jin za ta iya jiran na gaba. 'Yata za ta zo ganin gida bayan an gama girbi.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Wassalam,
Mai sauraronka daga ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa.