Kafin a kama tsohon gidan masu sarauta a Ingila don biki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A taimaka mana da ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, mu ja hankalin iyayen da 'ya'yansu ke zaune a Ingila kan wani yayi da ya shigo: a tsallake ɗakin taron cikin gari, a nufi ƙauye a kama tsohon gidan masu sarauta a yi biki. Gidajen suna da yawa, daga Fadar Blenheim inda aka haifi tsohon Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill a 1874 har zuwa ƙanana da ke hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, ko magadan gidan. Hoto kam yana fita. Sai dai ƙa'idojinsu an tsara su ne don kare ginin, ba don irin bikinmu ba.

Mu fara da abin da ya fi tsada idan aka kuskure. Dokar aure ta 1994 ce ta ba irin waɗannan gidaje damar karɓar aure a Ingila da Wales, amma auren rajista kawai, wanda jami'an ƙaramar hukuma ke ɗaurawa gaban shaidu 2, kuma ba a sa komai na addini a cikinsa. Idan liman ya zo ya ɗaura aure a falon gidan, waliyyai sun halarta, an biya sadaki, aure ya ɗauru a Musulunci, amma hukuma ba ta san da shi ba. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke haka kan wani aure da aka ɗaura a gidan cin abinci a Landan tun 1998, matar ta rasa haƙƙin da doka ke ba matar aure wajen rabuwa. Saboda haka a yi biyun. Ango da amarya kowanne zai je ofishin rajista na yankin da ya kwana 7 a ciki, ya ba da sanarwa aƙalla kwana 29 kafin ranar. Idan ɗayansu baƙo ne mai zaman biza, ana iya jan lokacin zuwa kwana 70. A takardar sanarwar ake rubuta sunan gidan, in an sauya wuri sai an sake sabuwa. A Sikotilan lamarin daban ne, liman da hukuma ta amince da shi yana ɗaura auren da doka ta sani a ko'ina.

Sai ginin kansa. Yawancinsu suna cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ko ƙusa ba a bugawa a bango, balle a manna kwalliya da gam. Abin da ya fi tayar da rigima shi ne turaren wuta. Kasko ɗaya da garwashi ya isa ya tayar da ƙararrawar gobara, a fito da kowa waje har amarya da lulluɓinta. Ko na lantarki ne, hayaƙin dai yana nan, a nemi izini a rubuce ko a yi turaren a masauki kafin a taso. Lalle kuma a gama shi a gida. Shi da miyar manja idan suka zuba a daɓen dutse ko tsohuwar darduma ba sa fita, daga kuɗin ajiyar ɓarna za a cire. Wasu gidajen har takalmi mai tsinin dunduniya suke hanawa saboda daɓen katako.

Gidaje da yawa suna da jerin masu girkin da suka yarda da su, ba a shigo da wani. A tambaya tun farko ko akwai mai naman halal a cikinsu, in babu, nawa ake biya a kawo na waje, kuma wace inshora za a nema daga gare shi. A tambayi farashi ko da harajin VAT a ciki, domin kashi 20 ne: fam 10,000 ya zama 12,000.

Yawan mutanen da ɗaki zai ɗauka ƙa'idar gobara ce ta tsayar, roƙo ba ya ƙara shi, 'yan gayyar soɗi a ƙofa za su tsaya. Idan jama'a sun yi yawa sai a kafa babbar rumfa a lambu, ita kuma tana jawo janareta, shimfiɗar ƙasa, abin ɗumama wuri da bayin haya. A ware wurin alwala da ɗakin salla a cikin yarjejeniya, kuma a duba wata: a Yuni magariba tana wuce ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa wajen 4 na yamma take yi.

Kiɗa yawanci sha biyun dare ake tsayar da shi, wasu gidajen kuma suna da na'urar da ke yanke wutar lasifika idan ƙara ta yi yawa, makaɗan kalangu su sani. Na'urar hawa bene ba kowane gida ke da ita ba, a ajiye dattawa a ƙasa. Tasi kuwa ba a samun ta a waɗannan ƙauyuka da tsakar dare, a ɗauki hayar bas tun da wuri a sa lokacin tashinta a katin gayyata.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu shirya bukukuwa, Ingila